Manyan fina-finan waje na 'yan shekarun nan: tsawo, duhu, da maganar da ba a ji

Baban Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Ga ra'ayina a kan manyan fina-finan waje da suka fito daga 2022 zuwa 2025. Mai ja ya ja, amma ya zo da hujja.

Cuta uku na ga ta kama yawancinsu. Ta farko tsawo: Avatar: The Way of Water minti 192, Oppenheimer minti 180, Killers of the Flower Moon minti 206, hatta John Wick na huɗu, wanda faɗa ne zalla, sai da ya kai minti 169. Ta biyu duhu, idan aka zo fitowar dare ba ka gane wa ya bugi wa. Ta ukun ita ta fi ci mini rai: kiɗa da ƙarar fashewa sun danne magana, sai mutum ya yi kallo da rimot a hannu, yana ƙarawa yana ragewa.

A cikinsu duka Godzilla Minus One na ƙasar Japan na ɗora a sama, wanda Takashi Yamazaki ya ba da umarni a 2023. Minti 125 ne kacal. Labarin matuƙin jirgin yaƙi ne da aka tura ya faɗa wa abokan gaba da jirginsa ya mutu, tsoro ya kama shi ya kauce, ya dawo Tokiyo da kunya ya tarar gari ya zama toka. Kafin dodon ya shigo gari ka riga ka san mutanen da zai taka, ka san jaririyar da suke riƙo, ka damu da su. Mutum 35 ne suka yi siddabarun kwamfutarsa, hoto 610, kuɗin fim ɗin bai kai dala miliyan 15 ba, kuma shi ya ɗauki Oscar na siddabaru a Maris 2024 a gaban manyan kamfanonin Amurka.

Oppenheimer na Christopher Nolan, labarin masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, shi ne na biyu a wurina. Awa biyun farko sun yi, amma awa ta ƙarshe zaman kwamiti ne a ƙuntataccen ɗaki, bayan an riga an tashi bam ɗin da kowa yake jira. Dune: Part Two hoto ya kai maƙura, sai dai labarin ya sheƙa da gudu a ƙarshe. Avatar ruwa ya yi kyau, labarin kuwa na farkon ne aka sake, har bos ɗin da ya mutu a na 2009 aka dawo da shi. Gladiator II kuma Denzel Washington ne kaɗai ya riƙe shi.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yaya, wallahi ka faɗi gaskiya a kan sautin nan. Oppenheimer idan ba rubutun ƙasa, rabin maganar ba a kamawa.

Injiniya Mai Sauti, Barnawa:
Baban Ilham, Allah ya ƙara basira. Cuta ta ukun nan fannina ce, bari in warware ta, domin rabinta daga ɗakunanmu take.

Ana haɗa sautin babban fim ne a layi shida aƙalla, shi ne abin da kuke gani an rubuta 5.1: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da ɗaya na ƙugin da ke girgiza ƙirji. Kusan duk maganar 'yan wasa a layin tsakiya take, kuma a silima wannan layi yana da lasifikarsa shi kaɗai a bayan allo. Talabijin da waya lasifika biyu gare su, dole na'ura ta matse layi shida su koma biyu. A ƙa'idar matsewar ana rage layin tsakiya da desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) a raba shi hagu da dama, sannan kiɗa da ƙarar baya su hau kansa. Ga shi an auna ɗakin silima a kan desibel 85, ƙara mafi tsanani tana iya kai 105 a lasifika ɗaya. Tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewar bam an yi ta ne don ɗakin da ba motsin komai. A falon da fanka ke juyawa, janareton maƙwabci yana kuka, raɗa ba ta isowa kunne.

Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi. Mai kallo a Netflix ya shiga wurin zaɓen harshe, idan ya ga biyu, ɗaya da 5.1 a jikinsa ɗaya babu, ya ɗauki wanda babu. A talabijin ya nemi Night Mode, ko Clear Voice idan LG ce, ko Amplify idan Samsung ce. Mai kallo da manhajar VLC a kwamfuta ya shiga Tools, sannan Effects and Filters, ya kunna Compressor, shi ne yake sauko da babbar ƙara ya ɗaga ƙarama. A Equalizer kuma ya ɗaga wajen 1 kHz zuwa 3 kHz da desibel 3 ko 4, nan ne baƙaƙen magana suke fitowa, ya sauke na ƙasa da 170 Hz kaɗan. Kada a zarce haka, murya za ta koma tana soka kunne. Mai waya ya sa abin kunne, ko mai araha ne ya fi lasifikar waya nesa ba kusa ba. Wanda kuma zai sayi dogon lasifikan nan na ƙarƙashin talabijin, ya duba wanda aka rubuta 3.1, lamba ukun tana nufin akwai ta tsakiya. Mai 2.1 ƙugi kawai zai ƙara masa.

Baban Ilham, Unguwar Rimi:
Injiniya, na gode, amma ka ce rabi. Ina ɗaya rabin? Turawan da suka kalli fina-finan Christopher Nolan a silima mai lasifika ko'ina su ma sun yi wannan kuka, tun daga Tenet a 2020.

Injiniya Mai Sauti, Barnawa:
Haka ne ranka ya daɗe, ɗaya rabin nasa ne, kuma da gangan yake yi. Al'adar masana'antar ita ce idan maganar da aka naɗa a wurin ɗauka ba ta fita ba, a kira ɗan wasa sutudiyo ya sake faɗa yana kallon bakinsa a allo. Nolan ya fito ya ce ba ya son wannan, ya fi son muryar da aka yi wasan da ita a lokacin. To kyamarar IMAX (ta silima mai ƙaton allo) mai jan fim tana da ƙara sosai, ga kiɗan Ludwig Göransson da kusan ba ya tsayawa. Ni a ganina ya wuce gona da iri, musamman a fim ɗin da sunayen masana kimiyya da na 'yan siyasa suka yi yawa, wanda in ka rasa suna ɗaya ka rasa zaren labari.

Amma a ba shi haƙƙinsa a fitowar gwajin bam na Trinity, na ranar 16 ga Yuli 1945. Haske ya tashi, kiɗa ya ɗauke, ba ka jin komai sai numfashi, sai can daga baya ƙarar ta iso. Haka abin yake a zahiri, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato kowane kilomita kusan daƙiƙa uku, kuma masu kallon gwajin suna nesa da kilomitoci da dama. Wanda ya kunna Compressor da ƙarfi zai rage wa wannan fitowa kaifi, saboda haka a san abin da ake bayarwa kafin a karɓi wani.

Editan Kawo:
Salamu alaikum. Ni maganar duhu zan ɗauka. Tambayata ga duk wanda ya ce fim ya yi duhu: nawa ne nauyin kofin da ka kalla? Yawancin abin da ke yawo a wayoyi daga wajen masu turi megabait 300 ne zuwa 500. Mu yi lissafi da Oppenheimer. Awa uku daƙiƙa 10,800 ce. Kowane megabait megabit takwas ne, saboda haka megabait 300 sau takwas megabit 2,400 ke nan. Ka raba, za ka samu kusan megabit 0.22 a daƙiƙa, hoto da sauti duka a ciki. Netflix kuwa megabit 5 a daƙiƙa yake ba da shawara don hoton 1080p. An zubar da fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanin ke nan, a fim ɗin da aka ɗauka da fim mai faɗin milimita 65, wanda naɗinsa na silimar IMAX ya kai tsawon mil 11.

Kuma manhajar matse bidiyo ba ta zubarwa daidai wa daida. Wurare masu duhu take fara sadaukarwa, don an gina ta a kan cewa ido ba ya lura da su. Bidiyo na yau da kullum matakan haske 220 gare shi, daga 16 zuwa 235, fitowar dare kuma a 'yan matakan ƙasa take zaune. Da an matse sai fuska da bango su haɗe su zama tabo ɗaya, sama ta yi layi-layi, inuwa ta yi murabba'i-murabba'i. Yashi da hayaƙi da ruwan sama su ne suka fi wahalar da ita saboda kowane ɗigo motsi yake, shi ya sa Dune a ƙaramin kofi yake dagulewa daidai inda ya fi kyau, wurin hawan tsutsar yashi.

Wani kuskuren da ya yi yawa yanzu shi ne ɗauko kofin da aka rubuta HDR ko DV (tsarin hoto mai ƙarin haske da launi) a sa a talabijin da ba ta san shi ba. Na HDR zai fito a koɗe kamar an yi hazo, wani nau'in na DV kuma launi ya juye zuwa shunayya da kore. Idan ba ka tabbatar talabijin ɗinka tana ɗauka ba, tsaya a 1080p na yau da kullum. Fim na awa biyu a megabit 5 gigabait 4.5 ne, idan an matse shi da tsarin matsi na H.265 ana iya samun kusan wannan kyau a wajen rabin nauyin. Kofin da aka ɗauka da waya a cikin silima kuwa, mai kan mutane suna giftawa, bai kamata a yanke wa fim hukunci da shi ba, kuma sata ce ƙarara.

Ɗan Rigasa:
Malam Edita, data fa? Gigabait huɗu a fim ɗaya ba kowa zai iya ba. Sannan idan aka ƙara Brightness ai ana ganin fitowar daren.

Editan Kawo:
Ƙanina, a waya ba ka buƙatar huɗu. Allon inci shida 720p ya ishe shi, wajen gigabait ɗaya zuwa ɗaya da rabi a fim na awa biyu, ka sauke da datar dare. Babban allo ne yake tona asirin ƙaramin kofi.

Brightness kuma nan mutane suke ɓata hoto. A yawancin talabijin wannan maɓalli matakin baƙi yake ɗagawa, sai baƙi ya koma toka, komai ya koɗe. Wanda yake ƙara hasken allo shi ne Backlight, a wasu kuma OLED Light. Sai dai wasu sababbin Samsung da Sony sun mayar da sunan Brightness kan hasken allon, saboda haka ka gwada ka gani: in baƙin layin sama da ƙasa ya fara yin toka, ba shi ba ne. Ka cire hoto daga Vivid ko Dynamic ka kai shi Movie ko Cinema ko Filmmaker Mode. Ka kashe Eco ko Energy Saving, shi yake rage haske da kansa, ko da yake masu sola da inbata su san zai ɗan ƙara jan wuta. Ka kashe santsin motsi, TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Ana ɗaukar fim hoto 24 a daƙiƙa, wannan saiti yana ƙirƙiro wasu hotuna ya cusa tsakani, sai fim na dala miliyan ɗari ya koma kamar wasan kwaikwayon gidan talabijin. Tom Cruise da kansa ya yi bidiyo a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. Sannan a rage fitila. Allon silima haskensa nit 48 ne kawai (nit ma'aunin hasken allo ne), duhun ɗakin ne yake sa ya isa.

Baƙin layin sama da ƙasa kuma a bar shi. Mai danna Zoom a fim mai faɗin 2.39 yana yanke kusan kwata na hoton ta gefe biyu. A faifan Oppenheimer za ku ga layin yana ɓacewa yana dawowa, ba lalacewa ba ce, inda aka ɗauka da IMAX ne yake cika allo.

Maman Hanif, Badarawa:
Sannunku da ƙoƙari. Baban Ilham, ni a kan tsawo nake da ja. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya awa uku ba baƙon abu ba ne. RRR na S.S. Rajamouli ya haura awa uku, wa ya ce ya gaji? Dalili shi ne ginin. Marubutan Indiya suna rubutu ne da hutun rabin lokaci a ransu, dole rabin farko ya ƙare da abin da zai hana mutum tafiya gida. A RRR an gabatar da Raju shi kaɗai a cikin dubban masu zanga-zanga, an gabatar da Bheem da damisa, an haɗa su a gada wurin ceton yaro, mai kallo ya san sirrin da su biyun ba su sani ba, cewa ɗaya ɗan sanda ne mai farautar ɗayan. Wannan sirri shi yake jan ka har fitowar da aka sako namun daji daga mota. Kowane minti ashirin akwai tambayar da kake jiran amsarta.

Ka kwatanta da Jawan na Shah Rukh Khan, 2023, minti 169. Ya fi RRR gajarta amma ya fi shi nauyi a kallo, saboda mai ba da umarni Atlee ya cika shi da waiwaye: na manomi, na likita, na uba, na uwa. Duk waiwaye tsayar da labari yake. Maganar bashin manoma da asibitin da iskar numfashi ta ƙare masa suna da ƙarfi, amma an jera su ne ɗaya bayan ɗaya, ba su haifi juna ba. Saboda haka ni ba na auna fim da minti, ina duba ko akwai abin da nake jira.

Baban Ilham, Unguwar Rimi:
Hajiya, na karɓi ma'auninki, kuma da shi zan sake kayar da Avatar. Daga isar iyalin Jake, jarumin fim ɗin, wurin mutanen ruwa zuwa zuwan masu farautar manyan dabbobin teku, me ake jira? Koyon ninƙaya ne da faɗan yara. Kuma da shi zan tsaya a kan bakana game da awar ƙarshe ta Oppenheimer.

Malamar Tarihi, Malali:
Baban Ilham, a kan Avatar ban ce komai ba, amma awar ƙarshen Oppenheimer ita ce fim ɗin. An ɗauko shi ne daga littafin American Prometheus na Kai Bird da Martin Sherwin, kuma tun farko zama biyu ake bi. Mai launi yadda Oppenheimer yake ganin duniya ne, ciki har da zaman sirri na 1954 da aka ƙwace masa izinin sanin asirin gwamnati. Mai baƙi da fari ɓangaren Lewis Strauss ne, jami'in gwamnatin da ya yi adawa da Oppenheimer, wato zaman majalisar dattawa na 1959 inda aka ƙi tabbatar da shi ministan kasuwanci da ƙuri'a 49 da 46. Wanda bai gane wannan rabo ba tun minti goman farko zai ɗauka baƙi da farin tsohon zamani ne, alhali shi ne ma ya fi kusa da mu a shekaru. Tambayar fim ɗin ita ce me gwamnati take yi da mutumin da ya gama mata aiki ya fara yi mata gardama. Bam ɗin kowa ya san zai tashi.

Inda nake da ƙorafi daban ne. An jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, a Nagasaki ranar 9, amma fim ɗin bai nuna ko titi ɗaya na garuruwan ba. Hujjar Nolan ita ce ba ya fita daga idon jarumin. To ai ya fita, duk ɓangaren Strauss ba idon jarumin ba ne. In an samu wurin nuna ɓacin ran ɗan siyasa, ya kamata a samu wurin nuna waɗanda aka ƙona. Sai Maris 2024 aka nuna fim ɗin a Japan, wata takwas bayan sauran duniya. A nan na yarda da kai cewa Godzilla Minus One ya yi abin da wancan ya kauce wa, domin shi daga ƙasa yake kallo, daga cikin ɓaraguzai.

Gudun da ka ce Dune ya yi ma akwai dalilinsa, wanda bai kalla ba ya tsallake nan. A littafin Frank Herbert na 1965 shekaru suna wucewa a hamada, har a haifi ƙanwar jarumin labarin, Paul, ta yi wayo, ita ce ma take kashe Baron, shugaban gidan Harkonnen abokan gabarsu. Mai ba da umarni Denis Villeneuve ya matse komai cikin wata kaɗan, uwar tana da ciki har fim ya ƙare. Shi ya sa mutumin da ya zo baƙo jiya yau ya zama Mahadin al'umma guda. Abin da ya gyara kuma shi ne Chani, masoyiyar Paul, wadda a littafi mai biyayya ce, a fim ta zama mai cewa wannan annabcin dasa shi aka yi don a mallake su. Mu da tarihin ƙasarmu ya san masu da'awar Mahadi, irin abin da ya faru a Satiru a 1906, wannan ɓangare bai kamata ya wuce mu ba.

Editan Kawo:
Malama, ƙari a kan Dune: fitowar filin dagar Harkonnen da ta zo fari fat ba cire launi aka yi a kwamfuta ba. Mai ɗaukar hoto Greig Fraser ya ɗauke ta da kyamarar da aka gyara ta riƙa ganin hasken da idon mutum ba ya gani, na ƙasa da ja. Shi ya sa fata take sheƙi, ido ya yi baƙi ƙirin. Shawara ce da ba ta da komawa, domin ba launin da za a dawo da shi in an canza ra'ayi.

Maman Hanif, Badarawa:
Malama, tunda tarihi ya shigo, The Woman King fa? Mata da yawa sun so shi.

Malamar Tarihi, Malali:
Hajiya, wasan Viola Davis ba abin cewa, kuma rundunar matan Agojie ta Dahomey gaskiya ce. An kafa labarin a 1823 zamanin Sarki Ghezo, wanda ya hau a 1818, kuma gaskiya ne a zamaninsa Dahomey ta daina kai wa Oyo gaisuwar dole. Amma fim ɗin ya nuna kamar masarautar ta kama hanyar barin cinikin bayi ta koma manja. Ghezo ya ci gaba da sayar da bayi shekaru da dama bayan nan, sai da jiragen ruwan Ingila suka toshe masa gaɓar teku kafin ya sa hannu a yarjejeniya a 1852. A kalle shi don wasa da faɗa, kada ɗalibi ya kai shi ɗakin jarrabawa.

Namu na gida ma bai tsira ba. Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ya saka a 2021, labarin sarauniyar Zazzau ne amma da Turanci ake magana a fada. Kirari, gaisuwar fadawa, zaurancen manya, duk sun tafi. Ko don gasar duniya ma asara ce, domin ƙa'idar Oscar ta fim ɗin ƙasashen waje ita ce fiye da rabin magana ya zama ba Turanci ba, abin da ya sa aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart a 2019. The Milkmaid da Mai Martaba, waɗanda Najeriya ta tura daga baya, sun tsaya a harshen mutanen labarin.

Baban Ilham, Unguwar Rimi:
Na bar Sinners na Ryan Coogler a baya, na 2025, kuma ya cancanci shiga ukun farko. Michael B. Jordan ya fito a tagwaye a Misisipi ta 1932. Coogler ya ɗauki kusan rabin fim yana gabatar da gari da mutanensa kafin masu shan jini su ƙwanƙwasa ƙofa, irin haƙurin da na yaba wa Yamazaki. Wunmi Mosaku da ta fito a Annie a Zariya aka haife ta, kafin iyayenta su koma Ingila tana ƙarama, kuma ita ce ta fi kowa natsuwa a fim ɗin.

Maman Hanif, Badarawa:
Amma a gaya wa mutane gaskiya, Sinners da Oppenheimer duka ba na falo da yara ba ne. Alamar R gare su a Amurka, wato na manya ne. Oppenheimer akwai tsiraici, har a Indiya da ƙasashen Larabawa sai da aka rufe jikin jarumar da baƙar riga ta kwamfuta. Kafin a kunna kowane fim a shiga shafin IMDb a nemi Parents Guide, an rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: tsiraici, jini, zagi, shaye-shaye. Alamar PG-13 ma ba ta nufin ya dace da tarbiyyarmu, ma'auninsu daban ne. Na Indiya su ma yanzu a duba, Animal na 2023 ba irin waɗanda iyayenmu suka sani ba ne.

Ɗan Rigasa:
Anti, shi ya sa mutane da yawa suka fi son fassarar Hausa, sau da yawa an yanke irin waɗannan wurare, kuma tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Indiyanci tana bin labari. Sai dai Injiniya, me ya sa a fassara kiɗa yake sauka ya hau duk lokacin da aka yi magana?

Injiniya Mai Sauti, Barnawa:
Tambaya mai kyau, ƙanina. Duk babban fim yana da wani kofin sauti na musamman mai kiɗa da ƙarar abubuwa kaɗai, takun ƙafa, buɗe ƙofa, harbi, babu magana a ciki. Shi kamfani yake ba wanda ya sayi izinin fassara, ya ɗora sababbin muryoyi a kai, komai ya zauna daram. Wanda bai da wannan kofi dole ya sauke sautin asali gaba ɗaya duk lokacin da mai fassara zai buɗe baki, ya mayar in ya rufe. Hawa da saukar da kake ji ke nan. Mai dabara, in ya samu kofin 5.1, yana iya kashe layin tsakiya kaɗai ya bar sauran biyar, sai dai takun ƙafa da motsin kaya da yawa a tsakiyar suke, za su tafi tare da maganar, sai ya sake yin su da hannu.

Matsala ta biyu fassara a kan fassara ce. RRR da harshen Telugu aka yi shi, wanda ya yi fice a Netflix kuma na Hindi ne. KGF da Kannada aka yi. Mai fassara zuwa Hausa yawanci rubutun Turancin ƙasa yake bi, wanda an riga an taƙaita shi don ya shiga layi biyu. Karin magana da habaici ba sa tsallake hawa uku, shi ya sa ake cike gurbin da barkwancin gida. Gwanintar masu muryar ba a raina ta, mutum ɗaya ya yi tsoho ya yi yaro ya yi bos. Amma wanda zai yanke wa marubucin fim hukunci ya nemi na asali da rubutun ƙasa.

Ɗan Rigasa:
To rubutun ƙasan ma wani lokaci yana farawa daidai, kafin a kai tsakiya ya riga magana da nisa. Mene ne maganinsa?

Editan Kawo:
Iri biyu ne, ka fara gane wanne ne. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, misali daƙiƙa biyu, jinkiri ne kawai. A VLC na kwamfuta harafin G da H suna matsar da rubutu baya ko gaba, kowace dannawa kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa, wato dannawa 40 ke nan don daƙiƙa biyu. In sauti ne bai dace da baki ba, J da K. A waya ka taɓa alamar rubutu a allo, akwai wurin jinkiri a ciki.

Naka kuwa, mai ƙaruwa yana tafiya, saɓanin gudu ne. An yi rubutun ne a kan kofi mai hoto 25 a daƙiƙa, irin na talabijin ɗin Turai da namu, bidiyonka kuma 23.976 ne. Bambancin kashi 4 ne da ɗoriya cikin 100, kusan minti biyu da rabi a kowace awa, saboda haka G da H ba za su riƙe shi ba, kana gyarawa yana sake zamewa. Ko dai ka nemi rubutun da sunansa ya yi daidai da sunan kofinka, BluRay da BluRay, WEB da WEB, ko ka buɗe shi a manhajar Subtitle Edit, kyauta ce, ka shiga Synchronization, ka zaɓi Change frame rate, daga 25 zuwa 23.976, ka adana. Idan kuma daidai yake tafiya sai a wuri ɗaya ya yi tsalle, to ɗaya daga cikin kofin biyu an yanke masa fitowa, wanda ya zama ruwan dare a fina-finan Indiya da ake cire wa waƙa ko katin hutun rabin lokaci. Wannan sai Point sync a cikin manhajar: ka kafa layi ɗaya kafin yankan, ɗaya bayansa, ɗaya kusa da ƙarshe.